Kilisar igiya: yadda ake gina naman bayan doki da kayan horo

Kilisar igiya hanya ce ta motsa doki ba tare da mahayi a bisansa ba. Mai horo yana tsayawa a tsakiyar fili riƙe da doguwar igiya, doki kuma yana zagaya shi. Faransawa na kiran wannan aiki longe, kuma ya daɗe a makarantun dawaki na Turai, irin su ta Saumur a Faransa da ta birnin Biyana a Ostiriya. Ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne gina naman baya, wato tsokar da ta taso daga ƙeya, ta bi wuya da gadon baya da ƙugu har zuwa kuturi. Dokin da wannan nama ya zube masa, sirdi kan zauna masa a kan ƙashi, miki ya fito, tafiyarsa ta lalace, darajarsa ta faɗi a kasuwa.

Batun ya shafi masu dawaki a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, inda doki kan daɗe a turke yana cin hatsi, sannan a nemi ya ɗauki mahayi da kayan ado masu nauyi ranar hawan Sallah, ko ya shiga filin sukuwa. Ƙiba na iya rufe ido, amma kitse ba ya ɗaukar kaya.

Yadda bayan doki yake aiki

Doki na da ƙasusuwa 7 a wuya, 18 a gadon baya inda haƙarƙari suke, 6 a ƙugu a mafi yawan dawaki, da 5 da suka haɗe a kuturi. Wata doguwar tsoka ta kwanta dama da hagu na ƙashin baya, kuma a kanta sirdi yake zama. Ƙarƙashinta akwai gajerun tsokoki masu riƙe gaɓoɓin ƙashin don kada su yi lilo. Akwai kuma wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga ƙeya ta kama doron kafaɗa, ta zarce bisa ƙashin baya.

A 1946 wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Holan, Slijper, ya kwatanta jikin dabba mai ƙafa huɗu da baka da tsarkiya. Ƙashin baya shi ne bakan, naman ciki kuma tsarkiyar. Idan naman ciki ya ɗaure, ƙafafun baya suka shigo ƙarƙashin ciki, sai baya ya ɗaga. Haka nan idan doki ya sauke kai ya miƙa wuya gaba, jijiyar ƙeya tana jan doron kafaɗa, bayan ya ƙara ɗagawa. Idan kuwa ya ɗaga kai sama ya bar ƙafafun baya a baya, sai gadon bayan ya lotsa, naman ƙasan wuya ya yi kauri, na sama ya rame. Dukan kayan horon da ake amfani da su wajen kilisar igiya an ƙera su ne don su nuna wa doki tsayuwar farko, su raba shi da ta biyu.

Kayan da ake fara tanada

Igiyar kilisa tana kai mita 8 zuwa 10, kuma ta auduga mai faɗi ta fi ta roba, don ba ta ƙona hannu. Ana ɗaura ta a wata ragama mai kauri da ke da zobe a kan hanci, domin jan igiya kada ya taɓa baki. Sai ɗamara mai zobba da ake ɗaurawa a mazaunin majayi, da abin shimfiɗa mai taushi a ƙarƙashinta. Sai doguwar bulala, wadda aikinta nuni ne da tura doki gaba daga nesa, ba duka ba. Fili ya zama shimfiɗaɗɗe, mara duwatsu da ramuka. Rairayi mai zurfi yana gajiyar da jijiyoyin ƙafa, fako mai tauri kuma yana bugun gaɓoɓi.

Kayan horon da aka fi sani

Na farko su ne igiyoyin gefe. Guda biyu ne, kowace ta taso daga ɗamara zuwa zoben linzami, galibi da ɗan roba a tsakiya. Suna koya wa doki jingina da linzami da tafiya a miƙe. Aibinsu shi ne tsawonsu ba ya canzawa, saboda haka doki ba ya samun damar miƙa wuya sosai, kuma a tafiyar ƙafa suna hana kai kaɗawar da ya saba. An fi amfani da su a sassarfa.

Na biyu shi ne Chambon, daga Faransa. Maɗauri ne da ke tasowa daga majayi, ya bi tsakanin ƙafafun gaba, ya rabu biyu, ya ratsa zobba a ƙeya, ya sauko ya kama linzami. Doki na ɗaga kai zai ji matsi a ƙeya da gefen baki, yana sauke kai ya miƙa hanci gaba matsin ya saki. Ya dace da dokin da ya saba tafiya da kai a sama. Ba a hawa da shi.

Na uku shi ne Gogue, wanda ya ɗauki sunan Bafaranshen da ya ƙirƙiro shi, René Gogue. Yana kama da Chambon, sai dai igiyar ba ta tsaya a linzami ba: tana ratsa zoben ta koma ƙirji. Wannan ya sa baya ga sauke kai, yana kuma jawo hanci ciki kaɗan. Idan aka gajarta shi da yawa, doki kan naɗe wuya ya ɓoye wa linzami.

Na huɗu shi ne Pessoa, mai sunan Nelson Pessoa, shahararren mahayin tsallake shinge ɗan ƙasar Burazil, mahaifin Rodrigo Pessoa da ya ci zinare a wasannin Olamfik na 2004. Haɗin igiyoyi ne da ƙananan kura, da wani maɗauri mai laushi da ke zagaye cinyoyin baya. Manufarsa ita ce a tunatar da ƙafafun baya su shigo, a lokaci guda kuma kai ya sauka. Tun da igiya ɗaya ce ta haɗa cinya da baki, duk takun ƙafar baya yana iya fizgar linzami idan ɗaurin ya yi tsauri.

Na biyar su ne maɗauran roba masu faɗi, ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗaya a bayan cinyoyi, dukansu maƙale da shimfiɗar sirdi. Ba su taɓa baki ko kaɗan. Taɓa fatar da suke yi shi ke sa doki ya ɗaure ciki. Masu jinyar dawaki a Turai da Amurka na yawan amfani da su.

Akwai gargaɗi na musamman ga mahayan ƙasar Hausa. Linzamin gargajiya mai harshen ƙarfe da zoben haɓa yana da kaifi ƙwarai, kuma waɗannan kaya ba a yi su dominsa ba. Ana haɗa su ne da sassauƙan linzami mai gaɓa a tsakiya. Wanda ya ɗaura Chambon ko Pessoa a linzamin gargajiya zai iya yanke wa doki harshe ko dasashi, ko ya sa shi ya miƙe tsaye ya faɗi ta baya.

Yadda ake gudanar da horon

Sai doki ya iya zagaye da ragama kaɗai, yana tafiya yana tsayawa da murya, kafin a sa masa wani abin horo. Faɗin da'irar ya kai mita 15 zuwa 20. Ƙaramar da'ira tana karkatar da jiki, ta ɗora nauyi a kan gaɓoɓin ƙafafun ciki.

Ana farawa da minti 5 zuwa 10 na ɗumama jiki ba tare da an ɗaura komai ba. Daga nan a ɗaura abin horon sako-sako, a yi aiki minti 5 kowane gefe a makonnin farko, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Dukan kilisar kada ta wuce minti 20 zuwa 25, sau 2 ko 3 a mako. Lissafin a fili yake: minti 10 na sassarfa kusan kilomita 2 ne, wato zagaye sama da 30 a da'ira mai faɗin mita 20, duka a karkace. A ƙarshe a kwance kayan, a bar doki ya yi tafiyar ƙafa har numfashinsa ya daidaita. A watannin bazara, sanyin safiya ko bayan la'asar ne lokacin aiki.

Abin da ke gina tsoka shi ne aikin ƙafafun baya da na ciki. Saboda haka sauya tafiya akai-akai, daga tafiyar ƙafa zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa ƙaramar sukuwa a dawo, ya fi dogon zagaye a gudu ɗaya amfani. Jera sanduna a ƙasa ma yana taimakawa, da tazarar kusan santimita 80 a tafiyar ƙafa, da mita 1,2 zuwa 1,3 a sassarfa, a rage wa ƙaramin doki. Hawa tudu a hankali yana yin irin wannan aiki, kuma ba ya bukatar sayen komai.

Alamar cewa aiki na tafiya daidai ita ce doki ya sauke wuya da kansa, hancinsa na ɗan gaba da goshi, bayansa na kaɗawa, wutsiya a sake, kofaton baya na sauka a sawun na gaba ko ya wuce shi. Idan kuwa haɓa ta nufi ƙirji, baki a buɗe, kunnuwa a kwance, taku ya gajarce, to a sassauta ko a cire. Tun 2010 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta lanƙwasa wuyan doki da ƙarfin tsiya. Canji a jiki kan fara bayyana bayan makonni 6 zuwa 8 na aiki a kai a kai.

Abinci da lafiya

Horo ba ya gina abin da abinci bai kawo ba. Doki na bukatar ciyawa ko harawa da ta kai kashi 1,5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Mai kilo 300 ke nan zai ci kilo 4,5 zuwa 6. Gero da dawa suna ba da ƙarfi, amma suna da ƙarancin lizin, wani sinadarin da tsoka ke bukata. Harawar wake da ta gyaɗa sun fi busasshiyar ciyawa sinadarin gina jiki, kuma suna cike giɓin sinadarin ƙashi da yawan dusa ke haddasawa. Ruwa kuwa lita 20 zuwa 40 a rana, fiye da haka a lokacin zafi, da ɗan gishiri.

Sau da yawa ramar baya ba ta rashin horo ba ce. Tsutsar ciki, haƙora masu kaifi da ke hana tauna, ɗingishi, tsufa, da sirdin da ke matse doron kafaɗa, kowanne na iya zubar da naman baya. Akwai kuma ciwon da ƙayoyin ƙashin baya ke gogar juna, wanda sai hoton ƙashi ke tabbatar da shi. Dokin da ke zabura ko lotsawa idan an shafa bayansa, ko mai miki, ko mai ɗingishi, likitan dabbobi ne zai fara ganinsa kafin igiya.

Shekaru ma abin lura ne. Ƙashin baya shi ne na ƙarshe da ke gama ƙosawa, wajen shekara 5 zuwa 6. Ɗan duƙushi da bai kai shekara 3 ba, ba a sa masa waɗannan kaya, kuma ko zagayen igiya kaɗan ake yi masa. Wanda bai taɓa amfani da su ba, ya fara a gaban wanda ya iya, tun da sauran watanni 2 ko 3 kafin ranar hawa.