Inda Aka Zaunar da Mai Tantance Fom: Tarihin Shekara Talatin

A shagunan intanet na Briqueterie da Tsinga, a birnin Yaoundé na Kamaru, cike fom sana'a ce: neman fasfo, neman biza, rajistar jarrabawa. Da zarar lambar waya ta gaza, sai akwatin ya yi ja ya ƙi karɓa. Wannan jan akwati bai samu dare ɗaya ba. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna jayayya kan inda ya dace a tantance abin da mutum ya rubuta.

Da farko babu zaɓi. A 1993, lokacin da burauzar Mosaic ta fara nuna fom, cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka ta fito da tsarin CGI, wanda ke miƙa bayanan ga sabar. Can kaɗai ake dubawa. Mutum ya manta akwati ɗaya, sai ya jira shafi ya je ya dawo ta layin tarho mai nawa, sau da yawa ya tarar abin da ya rubuta ya goge.

A 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro JavaScript, kuma duba fom tun bai bar kwamfutar mai cikawa ba na cikin ayyukansa na farko. Sauƙi ya samu, har wasu suka daina dubawa a sabar. Sai dai burauza a hannun baƙo take: yana iya kashe JavaScript, ko ya aika bayanai kai tsaye. A Disambar 1998 mujallar Phrack ta bayyana yadda ake cusa umarnin SQL ta cikin akwatin fom a kai ga rumbun bayanai. Ƙungiyar OWASP, da aka kafa a 2001, ta tsaya kan darasin: duba na burauza kyautatawa ce ga mai cikawa, tsaro kuwa a sabar yake.

Daga nan gardama ta koma cikin gida. Manhajoji sun girma, an rarraba su sassa-sassa: na rajista, na biyan kuɗi, na aika saƙo. Kowane sashe ya kafa dokarsa? Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya saki a 2004, ya ɗora dokokin a jikin sashen da ke riƙe da bayanan, don kowace ƙofa aka biyo a tarar da mai gadi ɗaya. Django, da ya fito a 2005, ya ba fom nasa sashen tantancewa. Node.js na 2009 ya ba da damar a rubuta doka sau ɗaya ta yi aiki a burauza da sabar, sannan HTML5, da aka tabbatar a Oktoban 2014, ya sa burauza da kanta take gane akwatin da aka bari fanko.

Kamaru ta ga amfanin ajiye doka a wuri guda da idonta. A 2007 lambobin wayar ƙasar sun tashi daga alƙaluma 7 zuwa 8. A Nuwamban 2014, jim kaɗan bayan Nexttel ya shigo kasuwa ya tarar da MTN da Orange da Camtel, suka koma 9, aka ƙara 6 a gaban lambobin salula. Manhajar da ta ajiye dokar tsawon lamba a wuri guda, gyaran layi ɗaya ya ishe ta. Wadda ta warwatsa dokar a sassa goma kuwa, tilas a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma sashen da aka manta zai ci gaba da korar lambar da take daidai.

Shi ya sa yau aikin ya rabu: burauza ta yi gargaɗin gaggawa, sabar ta yanke hukunci, dokar kuma ta zauna a sashen da ya mallaki bayanan, sauran sassa su riƙa tambayarsa. Dokokin ƙasa na sauyawa, kuma manhajar da ta san inda ta ajiye tata ce ke iya bin su.