Garki da Sauro: Yaƙin 1969 zuwa 1976



Duk mutumin Babura ya san Garki, maƙwabta ne. Amma kaɗan ne suka san cewa a ƙauyukanta aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro da aka taɓa yi a Afirka. Kafin mu je can, bari mu fara sanin abokin gabar.

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma masana sun raba masu rai gida biyu. Akwai waɗanda ƙwayarsu ke da cibiya, wato wata 'yar jaka da ke adana bayanan gado, akwai kuma marasa ita, irin su bakteriya. Robert Brown ne ya raɗa wa cibiyar suna a 1831 yana duba tsirrai, Édouard Chatton na Faransa kuma ya ambaci wannan rabo a 1925. Mutum, akuya, gero, naman kaza da sauro duk 'yan gidan masu cibiya ne. Haka ma ƙwayar zazzaɓi, wadda likitan soja Alphonse Laveran ya fara gani a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880. Shi ya sa fenisilin ba ya yi mata komai: bangon bakteriya yake rusawa, ita kuwa ba ta da shi. Gininta ya yi kama da namu, don haka samun dafin da zai kashe ta ya bar mai ɗauke da ita abu ne mai wuya.

A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haƙura da shirinta na kawar da zazzaɓi daga doron ƙasa. Tambayar da ta rage ita ce: a ƙasa irin tamu, in an zuba kuɗi da ma'aikata yadda ya kamata, za a iya yanke yaɗuwar cutar? Ita da gwamnatin Najeriya suka zaɓi gundumar Garki, a lokacin tana cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yi Jigawa.

An fara da ƙirga. Duk bayan mako goma ma'aikata na shiga zaɓaɓɓun ƙauyuka su ɗauki ɗigon jinin yaro da babba, wasu kuma su kwana suna kama sauro. A damunar 1972 da ta 1973 aka feshe ɗakuna da maganin propoxur, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa ƙwayar magani, har wanda ba ya jin ciwon komai. Cutar ta ragu ƙwarai a jinin mutane, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma yaɗuwa ba ta yanke ba. Da aka tsayar da aikin, zazzaɓi ya koma inda yake.

Wurin da ya fi burge ni shi ne dalilin, don a cikin cibiyar ƙwaya aka gano wani ɓangarensa. Mario Coluzzi na Italiya da abokan aikinsa sun duba zaren gado, wato kromosom, da ke cikin cibiyar ƙwayoyin matan sauro. Sai suka ga sauron da ido ke ɗauka iri ɗaya ne ashe ya bambanta, kuma bambancin na tafiya da hali. Wani in ya sha jini sai ya sauka a bangon ɗaki ya taka guba. Wani kuwa waje yake fita ya huta, feshin bai same shi ba, daga baya ya dawo.

A 1980 Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da littafin aikin, har yau masu lissafin yaɗuwar zazzaɓi na aiki da alƙalumansa. Sai dai littafi ne na jadawali. A ganina rabin labarin ne kawai, don ba a rubuta shi domin a ji muryar uwar da ta miƙa yatsan ɗanta sau da sau ba, ko ta saurayin da ya kwana ƙafa a buɗe yana jiran sauro ya sauka. Yaran da aka ɗebi jininsu a 1972 yanzu sun haura hamsin, kuma daga Babura zuwa Garki ba tafiyar kwana ba ce.