Mita 30 a Bayan Agogo: Yadda Alkawarin Talla Ya Koma Ma'auni

Wanda ya juya bayan agogon hannu yakan tarar da wani ɗan rubutu: 30M, ko 50M, ko 10 ATM. Mai saye yakan ɗauka cewa agogon da aka rubuta wa mita 30 zai jure nutso har wannan zurfin. Sau da yawa raɓar da ta taru a cikin gilashi bayan wanka ce ke sanar da shi kuskurensa. Wannan ruɗani ya kusa shekara ɗari ana fama da shi.

A zamanin da agogo ke zaune a aljihu, tufafi ne ke kare shi. Da ya koma wuyan hannu, musamman daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya haɗu da gumi da ƙura da ruwan sama. Ta ƙofa uku ruwa ke shiga: gefen gilashi, da murfin baya, da maɓallin saita lokaci. A shekarar 1926 kamfanin Rolex, ƙarƙashin Hans Wilsdorf, ya fito da agogon Oyster, wanda ake murɗa murfinsa da maɓallinsa su ɗaure tamau kamar noti.

Ƙira kaɗai ba ta isa ta gamsar da masu saye ba. A watan Oktoba na 1927, wata Baturiyar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta ƙetare mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila da iyo. Da aka yi tababar nasararta, sai ta sake shiga ruwan bayan mako biyu, da Oyster rataye a wuyanta. Sanyi ya hana ta kai gaci, amma bayan fiye da awa goma a ruwa agogon yana aiki. A watan Nuwamba Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata labarin. Daga nan kalmar “waterproof”, wato abin da ruwa ba ya ratsawa sam, ta zama jarin masu sayar da agogo.

Sai aka shiga tseren zurfi. A 1953 kamfanin Blancpain ya ƙera Fifty Fathoms domin sojojin ruwan Faransa masu nutso, mai jure kimanin mita 91. Ranar 23 ga Janairun 1960, Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka cikin jirgin nutso Trieste zuwa ƙasan ramin Mariana a Tekun Fasifik, kusan mita 11,000, da wani agogon gwaji na Rolex a maƙale a jikin jirgin ta waje. Ya dawo yana tafiya.

Sai dai agogon gwaji daban, na kanti daban. Kalmar da aka gina a kan waɗannan bajintoci ta bazu har kan agogunan da ba su cancance ta ba. A ƙarshen shekarun 1960 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta taka wa amfani da ita birki, bisa hujjar cewa babu agogon da ruwa ba zai taɓa shiga ba har abada. Aka maye gurbinta da “water resistant”, wato mai juriya ga ruwa iya wani gwargwado. Daga baya Ƙungiyar Ma'aunai ta Duniya ta tsara ƙa'idoji biyu: ISO 2281 na agogunan yau da kullum, wanda ISO 22810 ya gaje shi a 2010, da ISO 6425 na masu nutso.

Lambar da ke bayan agogo ma'aunin matsi ce. Kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar da ke kan doron ƙasa, shi ne ATM ɗaya. Don haka 30M da 3 ATM abu guda ne: sabon agogo ya jure wannan matsin na 'yan mintoci a ɗakin gwaji, cikin ruwan da ba ya motsi. Shi ya sa yawancin kamfanoni ke ba da shawarar a tsayar da mai mita 30 a kan fantsalin ruwa da yayyafi, mai 50 a kan iyo mara zurfi, mai 100 a kan iyo sosai. Ƙa'idar masu nutso ta fi tsanani: ba ta karɓar ƙasa da mita 100, kuma ana gwada kowane agogo da matsin da ya zarce abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari. Irinsa ne ke ɗauke da kalmar “Diver's”.

Abin da lambar ba ta faɗa shi ne tsufa. Duk juriyar tana kan wasu siraran zobban roba ne da ke toshe ƙofofin nan uku. Zafi da sabulu da turare da gumi suna busar da su har su tsage. Hannun da ke shan ruwan alwala sau biyar a yini yana jarraba su fiye da na mai zuwa teku sau ɗaya a shekara. Haka kuma, duk lokacin da mai gyara ya buɗe murfi don canja batir, idan bai duba zoben ya mayar da shi daidai ba, tsohon alkawarin ya warware, ko da rubutun yana nan daram a jikin ƙarfe. Lambar shaida ce ta ranar da agogon ya bar masana'anta. Abin da ya biyo baya yana hannun mai shi da mai gyaransa.