June Pattullo, Matar da Ta Auna Numfashin Teku

Idan aka ce binciken teku, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne jirgin ruwa da igiya da maza masu jefa na'ura cikin zurfi. Ba kasafai muke tuna wanda ya zauna a tebur yana tattara alƙaluma ba, alhali sau da yawa a nan amsar take fitowa. Tarihin June Pattullo, Ba'amurkiyar da aka haifa a 1921 ta rasu a 1972, ya isa misali.

Ta shiga wannan fage ne a lokacin da ba a maraba da mata a cikinsa. A shekarun 1950 manyan cibiyoyin binciken teku na Amurka ba sa barin mace ta bi jirgi tafiyar kwanaki. Ana fakewa da rashin makwanci da makewayi, wasu matuƙa kuma sun yi imanin cewa mace a jirgi rashin sa'a ce. A 1956 wata ɗaliba mai suna Roberta Eike ta ɓuya a jirgin cibiyar Woods Hole don kawai ta je ta ɗebo abin bincikenta da hannunta. Da aka gano ta, sai ta rasa tallafin karatunta. A cikin wannan yanayi Pattullo ta kammala digirin digirgir a 1957 a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya, ta zama mace ta farko a Amurka da ta kai wannan mataki a fannin nazarin motsin ruwan teku da zafinsa.

Tun kafin digirin ta yi aikin da ya fito da sunanta. A 1955 ta wallafa wata maƙala tare da Walter Munk da Roger Revelle da Elizabeth Strong, kuma sunanta ne a gaba. Tambayarsu mai sauƙi ce: shin tsayin ruwan teku yana canzawa daga wata zuwa wata, kuma me ke kawo haka? Tashoshin jiragen ruwa sun daɗe da kafa ma'aunai masu rubuta hawa da saukar ruwa, amma bayanan a warwatse suke, kowace ƙasa da nata tsarin. Pattullo da abokan aikinta suka tattaro na ɗaruruwan wurare, suka fitar da matsakaicin kowane wata, suka jera su kusa da ma'aunin zafi da gishirin ruwa da jirage suka ɗauko.

Abin da ya bayyana shi ne teku na numfashi sau ɗaya a shekara. A kowane ɓangare na duniya, arewa ko kudu, ruwan kan yi ƙasa a ƙarshen sanyi, ya yi sama bayan watannin zafi. A wasu wurare bambancin santimita kaɗan ne, a Gaɓar Bengal kuwa yakan kai kimanin mita guda. Babban dalili a wurare da yawa ba ƙarin ruwa ba ne: ruwan da ya ɗumama kumbura yake yi, ya ci wuri fiye da mai sanyi. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san wahalar haɗa bayanan da ba su jitu ba ko da kwamfuta na gabanmu. Su sun yi ne a zamanin da yawancin lissafi da takarda da injin lissafi na tebur ake yin sa.

A 1960 ta koma jami'ar jihar Oregon, inda Wayne Burt ya kafa sashen nazarin teku shekara guda kafin nan. A can ta mayar da hankali ga ruwan da ke dab da gaɓa. Tun 1905 Ekman, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna a lissafi cewa juyawar duniya na sa ruwan saman teku ya karkata daga inda iska ta nufa, zuwa dama a arewacin duniya. A gaɓar Oregon iskar lokacin zafi daga arewa take busowa, don haka takan kore ruwan sama zuwa tsakiyar teku, ruwan ƙasa mai sanyi da albarkatun abinci ya taso ya maye gurbinsa. Daga nan ƙananan tsirran ruwa ke bunƙasa, kifi ya biyo baya. Irin wannan tasowar ruwa ce ke ciyar da masunta a gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal. Pattullo da ɗalibanta suka shiga auna yadda abin ke faruwa a zahiri: yaushe yake farawa, da saurin da ruwa ke amsa wa iska. A 1966 ta fitar da bincike kan matakin farko na wannan tasowa tare da ɗalibinta Robert Smith, a 1972 kuma wani tare da Adriana Huyer, inda suka kwatanta iska da gudun ruwa a gaɓar. Dukansu biyu sun zama manyan masana a fannin.

Ta rasu tana da shekara hamsin da 'yan kai, shekara 12 kacal bayan zuwanta Oregon. Amma hanyar da ta bi ba ta mutu ba. Yau da ake cewa teku ya hau da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, dole masana su raba abin gida biyu: nawa ne daga narkewar ƙanƙara, nawa ne daga kumburar ruwan da ya ɗumama. Wannan rabon shi ne maƙalar 1955 ta yi wa shimfiɗa, kuma da shi ake hasashen abin da ke jiran birane irin su Legas.

Tun 2008 ake shirya wani taro a Amurka da sunanta, inda manyan masana ke zama da matasan mata masu bincike don kada su bar fannin bayan digiri. Kasancewar har yanzu ana buƙatar irin wannan taro ya nuna mana cewa buɗe ƙofar jirgi bai gama aikin ba. Mace ta farko ta shiga tun 1957, amma riƙe waɗanda suka biyo ta shi ne abin da ake ta fama da shi.