Daga kartar fada zuwa cacar salula

Mu da muka tashi a Agadas mun san karta tun kafin salula ta zo. Bilot muke bugawa a fada, wadda muka gada wajen Faransawa, ana dafa shayi, wanda aka ci ya sayo sukari. Da an kira magariba kowa ya watse.

Poker kuwa daga Amurka ta fito. A 1998 aka fara buga ta da kuɗi ta intanet. A 2003 wani akanta, Chris Moneymaker, ya samu gurbin gasa ta intanet, ya je Las Vegas ya ciyo dalar Amurka miliyan 2 da rabi. Labarin nan ya ruɗi duniya, ba wanda ya tambayi sauran da suka koma gida hannu rabbana.

Mu nan, bayan zinariyar Djado ta ɓulla a 2014 ne muka fara ganin matasa da kuɗi a aljihu da babbar salula a hannu. Suna cewa a salula an fi saurin gwanancewa. To, da gaskiyarsu ta wani fanni: zagayen da za ka buga cikin awa guda ya ninka na zaune. Amma fa kowane zagaye mai dandalin sai ya yanki kasonsa, ko ka ci ko an ci ka. A fada kana ganin idon abokin wasanka, akwai kuma babban da zai ce maka ya isa. Wani ƙanenmu jikka ɗari biyu ya zubar cikin dare guda, shi kaɗai a ɗaki, kuɗin da ya tara na gyaran babur ɗinsa.