Daren janyewa: yadda muka koyi ƙirga wakilai a Jibiya

Ɗan ƙanwata, wanda yake cikin samarin nan masu yi wa 'yan siyasa aiki a Facebook, ya tambaye ni kwanan baya: "Kawu, wai ku me kuke yi a daren zaɓen fidda gwani in ban da zaman jiran a kira sunan jiharku?" Raina ya ɓaci, don haka ban tanka masa ba. Shi da abokansa sun ɗauka ana cin zaɓen fidda gwani ne a kan dandamali, a daidai lokacin da wani babba ya karɓi makirfo ya ce ya janye. Abin da suke gani a talabijin ke nan. Ni kuwa da na tsufa a cikin aikin har na ajiye shi, na san wannan hawa dandamalin shi ne ƙarshen aikin da aka yi watanni ana yi, kuma a zamaninmu akwai mutanen da wannan aikin shi ne sana'arsu.

Wanda ya koya mini dillalin hatsi ne a kasuwar Jibiya, tsohon ɗan NEPU, ya yi PRP, daga baya ya bi tafiyar Tafidan Katsina, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, tun tana PF kafin a narkar da ita cikin SDP. Baba muke ce masa, kuma Allah Ya yi masa rasuwa tuntuni. Bai taɓa riƙe muƙami ba, ko na kansila. Abin da ya mallaka littafin rubutu ne irin na 'yan firamare da guntun fensir, yana rubutu da ajami. Kowace gunduma cikin goma sha ɗayan da muke da su tana da shafukanta, daga Bugaje zuwa Gurbi, daga Riko zuwa Faru. Duk sunan da ya rubuta yakan yi masa alama: ɗigo in namu ne, kewaye in nasu ne, ya bar wurin fili in mutumin bai furta ba. Wannan kowa zai iya yi. Inda Baba ya bambanta shi ne layi na gaba. A gefen kowane suna yakan rubuta wani sunan, na mutumin da mai sunan ba ya iya haɗa ido da shi ya ce a'a: surukinsa, ko malamin da ya sauke masa Alƙur'ani, ko ubangidansa na kasuwa, ko wanda ya ba shi bashin taki a shekarar da ruwa ya yi gardama. Yakan ce mini, "Yaro, kada ka tambayi mutum wa yake so. Nemo mini wanda yake jin nauyi."

Ranar Lahadi ita ce ranar aikinmu, don ran nan kasuwar Jibiya ke ci. Mutanen ƙauyuka su shigo, fatake su sauko daga Maraɗi da Ɗan Isa ta Magama, direbobi su kawo labarin Katsina da Ƙaura. Baba yana zaune a kan buhu, ana ciniki ana hira, ni ina gefe ina saurare. Yadda yake soka ƙarfe cikin buhu ya zaro ƙwaya kaɗan ya san ko akwai tsakuwa a ƙasa, haka yake yi wa mutum tambaya ɗaya a kan lafiyar gida ya gane inda ya karkata. Da yamma mu koma zaure ya gyara littafi. Ɗigo ya koma kewaye, ko kewaye ya koma fili, kuma duk canjin da ya yi sai ya faɗa mini dalili.

Zamanin ƙato-bayan-ƙato ne, saboda haka ƙarya ba ta da wurin ɓuya. In ka ce kana da mutum ɗari biyu a gunduma, ranar Asabar za su tsaya a layi cikin rana a ƙirga su kowa yana gani. A garin iyaka kuma akwai wata rigimar da mutanen cikin ƙasa ba su sani ba: da layin wani ya yi tsawo sai ɗaya ɓangaren ya ɗaga murya cewa an kwaso 'yan Nijar. Wani lokaci gaskiya ne, sau da yawa kuma sharri ne, domin gida nawa ne a Jibiya da ba shi da dangi a tsallake? A nan ake neman Baba. Zai dubi mutum ya ce uwarsa 'yar Ɗan Isa ce amma a Magama aka yanke cibiyarsa, gonarsa tana bayan gari, a bar shi a layi. Ya dubi wani, ko da a layinmu yake, ya ce wannan baƙo ne, ya zo cin kasuwa gobe, ya fita. Abokan hamayya suna yarda da hukuncinsa saboda sun ga ya fitar da namu.

Da irin wannan aiki, a gundumomi dubbai, Tafida ya yi gaba a zaɓen fidda gwanin SDP na 1992. An fara a watan Agusta aka soke, aka sake a Satumba rukuni-rukuni, ya kada su Olu Falae, ya je har Legas ya kada Lateef Jakande a gidansa. A NRC kuma Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi suna shirin zagaye na biyu. Sai gwamnatin Babangida ta soke komai, ta haramta wa duka masu neman takarar su 23 sake tsayawa. Ban taɓa ganin Baba ya yi kwana biyu bai buɗe littafinsa ba sai a lokacin. A rana ta uku ya aike ni in sayo sabo, don an fito da tsarin Option A4, wanda mai neman takara zai faro daga gundumarsa, ya haura ƙaramar hukuma, ya haura jiha, sannan babban taro.

Babban taron shi ne na Jos, ƙarshen Maris na 1993, ana gama hidimar ƙaramar Sallah. A nan na ga daren janyewa da idona. An kaɗa zagayen farko: Abiola na ɗaya, Baba Gana Kingibe yana biye da shi kurkusa da goyon bayan gwamnoni, Atiku Abubakar, wanda shi ne ɗan takarar gidanmu, na uku. Duk mai hankali ya san ƙuri'un na uku su ne za su yanke hukunci. Cikin dare saƙo ya iso cewa Atiku zai janye, mutanenmu su koma wa Abiola.

Samarin yanzu za su ɗauka shi ke nan, an ba da umarni, a tashi a bi. Wallahi ba haka aka yi ba. Wakilanmu suna kwance a kan tabarmi, sun lulluɓa da mayafai saboda iskar Jos da ba su saba da ita ba, su da suka baro zafin bazara a gida. Baba ya ɗauki tocila da littafi, na bi shi da buta. Ba ya tada taro. Yakan tsuguna kusa da mutum ɗaya, ya taɓa ƙafarsa, su gaisa kamar da rana, sannan ya faɗa masa abin da ake ciki da dalilinsa. Wani dattijo daga cikin wakilan ya tashi zaune ya ce, "Malam, da wane baki zan koma in gaya wa mutanena na bar ɗan Barno na zaɓi mutumin Abekuta?" Baba bai yi masa musu ba. Ya tambaye shi wa ya turo shi Jos, kuma da wane saƙo. Dattijon ya ce mutanen gundumarsa, kuma sun ce ya tsaya inda Tafida ya tsaya. Baba ya ce to ga inda ya tsaya, in kuma dattijon yana ganin mutanensa ba za su yarda ba, ya zaɓi wanda zai iya kare kansa a kai, shi dai kada ya ɓoye mana. Ya bar wurin sunansa fili. Kafin asuba ya sa aka nemo wani malami cikin wakilan wata ƙaramar hukumar, wanda sunansa ke rubuce a gefen na dattijon, suka keɓe su biyu. Adadin da Baba ya miƙa wa manya da safe bai haɗa da ko mutum ɗaya da yake shakka a kansa ba. Abiola ya ci zagaye na biyu da ratar da ba ta kai ƙuri'a ɗari uku ba, cikin dubbai. A irin wannan rata, mai ƙirgan da ya ƙara goma don ya faranta ran ubangidansa ya kashe shi.

Abin da ya sa ba na mantawa da makon nan, a tsallaken iyaka ma abin da ake yi ke nan. Tanja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasar Nijar, amma Mahamadu Isufu da ya zo na uku da sauran 'yan ƙawancen AFC suka mara wa Mahamman Usman baya, ya ci zagaye na biyu ranar 27 ga Maris. Da muka dawo, a tashar Magama direbobin Maraɗi suna ba mu labarin nasu muna ba su namu, kowa yana mamakin yadda na uku ya zama mai naɗa sarki a ƙasashen biyu lokaci guda.

Baba, duk da ɗan PRP ne a jamhuriya ta biyu, yana yawan kawo misalin taron NPN na Disamban 1978 a Legas. Shehu Shagari ya zo na ɗaya amma bai kai adadin da ake bukata ba, Maitama Sule na biyu, Adamu Ciroma na uku. Maimakon a tafi zagaye na biyu, sai suka janye masa. Yakan ce Ɗanmasani Maitama Sule ya san ƙirga, ya kuma san darajar kansa, shi ya sa janyewarsa ba ta rage shi da komai ba. Mu kuwa a 1993 mun janye da fahimtar cewa Atiku ne zai zama mataimaki, sai aka ɗauki Kingibe. Ciwon wannan ya daɗe a zukatan mutanenmu, amma ranar 12 ga Yuni mun fita mun yi wa doki, alamar SDP, aiki, don mun riga mun faɗa wa jama'a a bainar kasuwa.

Wannan faɗa wa jama'ar shi ne abin da ya ɓace, kuma shi ya fi ci mini rai. Wakili in ya dawo daga babban taro ba ya wucewa gida ya kwanta. Lahadin da ta biyo baya zai zauna a gaban shugabannin gundumarsa da dattawa ya ba da ba'asi: ga wanda na zaɓa a zagayen farko, ga saƙon da ya zo, ga dalilin da na bi ko na ƙi. In an ba shi kuɗin mota da na abinci, ya faɗa. Ba na cewa babu kuɗi a siyasar da. Akwai, kuma a Jos ma an yi ta maganarsu. Amma mutum ya san zai dawo ya zauna a gaban waɗanda za su yi masa sallar gawa.

Na fara ganin sana'ar tana mutuwa ne a daren da ya kamata ya fi kowane dare yi mini daɗi. Disamban 2006, a taron fidda gwanin PDP a Dandalin Eagle na Abuja, gwamnanmu Umaru Musa 'Yar'aduwa ya samu ƙuri'a 3,024, Rochas Okorocha da Janar Aliyu Gusau suna can baya nesa. Na yi murna har da hawaye, ƙanen Tafida ne, Tafidan da ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997 bai ga wannan rana ba. Amma gwamnonin da suka janye, har da Peter Odili da ya zagaye ƙasar nan yana neman goyon baya, sun janye ne kafin a kaɗa ko ƙuri'a ɗaya, bayan Shugaba Obasanjo ya nuna inda yake so. Babu wanda ya tsuguna kusa da wakili ya yi masa bayani. Littafina yana aljihu, ba wanda ya tambaye ni adadi.

Daga nan abin ya yi ta zamewa. A 2022 sashe na 84 na sabuwar dokar zaɓe ya fitar da wakilai masu kujerar dindindin, majalisa ta yi gyara, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. PDP ta tafi taro da wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC da uku. Ka duba: Jibiya mai gunduma goma sha ɗaya, bakinta a PDP mutum ɗaya. Aminu Tambuwal ya hau dandamali ya janye wa Atiku, aka tashi 371 da 237 tsakaninsa da Nyesom Wike. Bayan kwana goma su Akpabio da Amosun da Fayemi da Badaru suka bi layi suna janye wa Tinubu, ya samu 1,271. Mohammed Hayatu-Deen ya fita daga takarar PDP yana kukan yadda kuɗi suka mamaye ta, jami'an EFCC suka bayyana a filin taron, dala kuma ta haura naira 600 a kasuwar bayan fage. 'Yan canjin Magama, da ba su daɗe da ganin an sake buɗe iyakar da aka rufe tun Agustan 2019 ba, sun fi shugabannin gunduma sanin yadda zaɓen yake tafiya. Mutum ɗaya da waya a ɗakin otal ba ya bukatar a nemo wanda yake jin nauyi. Lambar ɗakinsa kawai ake nema.

Ga kuma abin da Baba bai rayu ya gani ba. Ƙauyukan da muke bi da babur muna cika shafuka, da yawa 'yan bindiga sun tarwatsa su, mutanensu suna cikin garin Jibiya ko Katsina, wasu sun tsallaka Ɗan Isa da Maraɗi. Wanda zai rubuta littafin gunduma yau sai ya fara da tambayar inda kowa yake kwana. Aiki ne mai wuya, amma ana iya yinsa, don har yanzu suna shigowa kasuwa ranar Lahadi. Kafin in ajiye aiki na roƙi shugabannin da suka gaje mu abu ɗaya: duk wanda za a tura babban taro, ko shi kaɗai ne, a tara shugabannin gundumomin goma sha ɗaya su ba shi saƙo kafin ya hau mota, in ya dawo kuma su zaunar da shi ya faɗi wanda ya zaɓa da dalili. Biyu daga cikinsu sun ce za su kawo maganar a taron jam'iyya na gaba, kuma na ce musu in an sa rana a aiko mini, zan zo.