Fred Astaire da Tarbiyyar Kyamara: Shekarun Farko a RKO, 1933 zuwa 1936

Fred Astaire ya shigo fim a makare. Yana da shekara 34 aka fara ganinsa a allon sinima, a ƙarshen 1933, sanƙo ya fara cin goshinsa, ga siririyar murya, ga fuska wadda ba irinta Hollywood ke sayarwa ba. David O. Selznick, shugaban sashen shirya fina-finai na kamfanin RKO, ya kalli gwajin da aka yi masa a farkon shekarar, ya rubuta wa abokan aikinsa cewa kunnuwan mutumin sun yi girma, haɓarsa ba ta da tsari, amma yana da farin jinin da ya ratso har cikin mummunan gwaji. Shekara biyu bayan haka, fim ɗinsa Top Hat ya zama wanda ya fi kawo wa RKO riba a duk shekarun 1930. An saba cewa baiwa ce ta yi halinta. Babu mai musun baiwar, sai dai ba ta isa bayani ba, domin Amurka cike take da gwanayen rawa a lokacin, wasu ma sun fi shi saurin ƙafa. Abin da nake son kafawa shi ne cewa babban aikin Astaire tsakanin 1933 da 1936 a kan kyamara ya yi shi. Ya sa ta ja baya, ta ɗauki mai rawa daga kai har tafin ƙafa, ta daina datse shi. Wannan ƙa'ida ce ta ba rawa ikon ɗaukar nauyin labari.

An haife shi a Omaha ta jihar Nebraska a 1899, da sunan Frederick Austerlitz, ɗan wani baƙo daga Ostiriya. Tun yana ɗan shekara shida yake hawa dandamali tare da yayarsa Adele, suna yawon gidajen wasa gari-gari, har suka kai Broadway a 1917. Suka yi Lady, Be Good! a 1924 da Funny Face a 1927, duka da kiɗan George Gershwin, sannan The Band Wagon a 1931. A idon 'yan kallo na New York da Landan, Adele ce tauraruwa. Shi ne mai tsara takun, mai maimaita gwaji har kowa ya gaji. Da ta auri Lord Charles Cavendish a 1932 ta bar sana'ar, ya yi wasan Gay Divorce da Claire Luce, sannan ya nufi Hollywood da gogewar kusan shekara talatin a gaban mutanen da suka biya kuɗi suna kallon jikinsa gaba ɗaya. A dandamali babu inda kuskure zai ɓuya, kuma babu mai zaɓa wa ɗan kallo inda zai sa ido.

Fim ɗin kiɗa da rawa da ya tarar wata hanya dabam ya bi. Bayan The Jazz Singer ya buɗe ƙofar fim mai magana a 1927, kamfanoni suka cika kasuwa da waƙe-waƙe har jama'a suka ƙosa, a 1931 da 1932 aka kusan daina yin irinsu. Wanda ya farfaɗo da su shi ne Busby Berkeley, da 42nd Street na kamfanin Warner a Maris na 1933. Berkeley tsohon hafsan soja ne da ya tsara fareti a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma faretin bai bar shi ba. Yakan ɗaga kyamara can saman rufi ta leƙo ƙasa, 'yan mata masu yawa su kwanta su buɗe su rufe, kowace ta zama zare ɗaya a cikin aikin wuyan babbar riga. Abin yana da ban sha'awa har yau, ba na raina shi. Amma a wurin Berkeley kyamara da almakashin mai haɗa hoto ne suke rawar. Ba lallai ne 'yan matan su iya taku ba. Labarin fim kuwa tsayawa yake cak har a gama.

Fitowar Astaire ta farko ta nuna abin da wannan tsari zai yi da shi in ya sakar masa. RKO ta ba da aronsa ga MGM, inda Selznick ya koma, ya fito na 'yan mintuna da sunansa na gaskiya a Dancing Lady, yana rawa da Joan Crawford a kan wata darduma da dabarar hoto ta ɗaga sama. Dardumar ake kallo. A Flying Down to Rio, wanda ya fito a Disamban 1933, sunansa ne na biyar a jerin 'yan wasa, na Ginger Rogers na huɗu, taurarin kuwa Dolores del Río da Gene Raymond. Rawar Carioca da suka yi goshi haɗe da goshi gajeriya ce, a tsakiyar doguwar fitowa mai cike da taron masu rawa, kuma ana ta yanke ta ana nuna fuskokin masu kallo. Shi kansa bai gamsu da abin da ya gani ba, ya tafi Landan ya ci gaba da Gay Divorce. Can labari ya same shi cewa waɗannan 'yan mintunan ne jama'a ke magana a kai.

A nan ne halin da RKO ke ciki ya shigo cikin bayanin, kuma ina ganin ba a ba shi nauyin da ya dace. Tun Janairun 1933 kotu ta sa kamfanin a hannun masu kula da dukiya saboda bashi, a tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka. Ba shi da tarin taurari irin na MGM, ba shi da wani Berkeley. Kamfanin da ke neman abin rufin asiri yakan saurari wanda ke kawo kuɗi. Astaire ya rubuta wa wakilinsa Leland Hayward yana ƙin a sake ɗaure shi da abokiyar rawa guda, bayan ya daɗe ana kiransa ƙanin Adele. Furodusa Pandro S. Berman ya shawo kansa, aka ba shi kaso goma cikin ɗari na ribar fina-finansa, abin da ba kasafai ɗan wasa ke samu ba a zamanin. Abin da ya fi kuɗin tasiri shi ne ikon da ya samu a kan rawarsa: makonni na gwaji a ɗaki rufe kafin a kunna kyamara, da ta-cewa a kan yadda za a ɗauka da yadda za a haɗa. Da wuya in ga MGM ta 1934, mai ƙarfi da tsari, ta miƙa wa baƙo wannan.

The Gay Divorcee na darakta Mark Sandrich, a 1934, fim ne da tsoho da sabon salo suke zaune a ciki tare. Akwai The Continental, fitowa ta kusan minti 17 da rundunar masu rawa cikin baƙi da fari, wadda ta ci kyautar Oscar ta farko da aka taɓa bayarwa ga waƙar fim. Wannan gadon Berkeley ne. Sai kuma Night and Day ta Cole Porter. Mutum biyu ne kawai, Astaire da Rogers, a wani zaure a bakin teku da dare. Matar tana son tafiya, yana tare mata hanya, ta juya, ya sake tarewa, ya kamo hannunta. Tana shiga rawar jikinta na turjiya, har ta ture shi, sannan sannu a hankali turjiyar ta narke. Da kiɗan ya ƙare ta zauna tana kallonsa ba ta ce komai ba. Matar da ta shiga rawar tana gudunsa ta fito tana sonsa, kuma babu jimla ɗaya da ta yi wannan aikin. In aka cire fitowar, labarin ya karye. Duk da haka hannun Astaire bai gama kama kyamarar ba a nan: akwai inda ake leƙen su ta tsakanin labulen taga mai sanduna, akwai inda ake hango su daga ƙarƙashin tebur. Irin wannan ƙawa ce ta ɓace a fina-finan da suka biyo.

A Roberta, farkon 1935, shi da Rogers sun yi wata rawar buga ƙafa a kan daɓen katako, aka ɗauke ta a ɗauka ɗaya tare da sautinta na ainihi, har ana jin dariyar Rogers. A Top Hat, wanda aka kashe wa kimanin dala 600,000 ya dawo da fiye da miliyan 3, ƙa'idar ta zauna daram. Dubi fitowar rumfar makaɗa a lambun shaƙatawa na Landan, inda ruwan sama ya tsare su. Tana sanye da wandon hawan doki, tana fushi da shi. Ya taka, ta kwaikwaye shi, hannu a aljihu kamar yadda ya yi. Ya ƙara wuya, ta bi, har ta fara jefo nata. Sun daɗe suna rawa kafaɗa da kafaɗa ba su taɓa juna ba, kuma da aka gama musafaha suka yi. Ma'anar fitowar tana cikin tazarar da ke tsakanin jikkunan biyu, yadda take raguwa da kuma lokacin da ta ɗauka kafin ta ragu. Tazara ba ta ganuwa sai an nuna mutum biyun a hoto ɗaya. Lokaci kuma ba ya jiyuwa in ana datse shi. Da an kawo kyamara kusa da fuskarta don a nuna mana ta fara sakin rai, da an gaya mana abin da ya kamata mu gano da idonmu. Shi ya sa nake ɗaukar tsayuwar kyamarar a matsayin hanyar ba da labari, ko da yake masu sharhi da yawa sun tsaya ga cewa dabara ce ta nuna babu maguɗi a takun.

Akwai kuma hukumar tace fina-finai. Daga Yulin 1934 ofishin Joseph Breen ya fara zartar da dokokin ɗa'a na Hollywood da gaske, abin da za a iya nunawa tsakanin namiji da mace ya ƙuntata. Astaire dama ba ya son fitowar soyayya ta baki da baki. A Swing Time na 1936 ƙofa ce ta buɗe ta kāre sumbar, sai a Carefree na 1938 aka nuna ta a fili, a cikin mafarki. Rawa ce ta ɗauki abin da doka da kunya suka hana faɗa. Mai kallon fim ɗin Hausa ya san wannan matsala daga ciki, domin jarumi da jaruma ba sa taɓa juna, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, kuma waƙa ce ke ɗaukar abin da hira ba za ta ɗauka ba. Ƙorafin da aka daɗe ana yi cewa waƙa na katse labari shi ne ƙorafin da Astaire ya amsa da aikinsa: a tambayi me ya canja tsakanin mutum biyun daga farkon waƙar zuwa ƙarshenta.

Za a iya cewa na tara wa mutum ɗaya yabon jama'a, kuma akwai gaskiya a ciki. Hermes Pan, wanda ya haɗu da shi a Flying Down to Rio yana mataimakin mai tsara rawa, shi ne ke tsayawa a matsayin Rogers a ɗakin gwaji, da Hal Borne a kan piyano, sannan ya koya mata abin da suka ƙulla, saboda ita kamfani na ta jefa ta a wasu fina-finan. Rogers kuwa, wadda ta riga shi shiga fim da shekaru, ta kawo abin da shi ba shi da shi. Ta san cewa wasan kwaikwayo ba ya tsayawa don an fara kiɗa. Kyamarar da ba ta matsowa kusa tana bukatar mace da za ta nuna sauyin zuciya da bayanta da wuyanta da kafaɗunta, kuma ita ta iya. Hujjar tana cikin A Damsel in Distress na 1937, wanda ya yi ba da ita ba. Joan Fontaine, wadda ta fito tare da shi, ba mai rawa ba ce, dole darakta George Stevens ya riƙa ɓoye ta a bayan itatuwa, kuma shi ne fim ɗin Astaire na farko da ya faɗi a kasuwa. Duk da haka Rogers ba ta samu kuɗin da ya samu ba. Wannan ya gyara bayanina, bai rushe shi ba: ƙa'idar tasa ce, shi ya yi faɗa a kanta, amma ba ta aiki sai da irin Rogers.

Bashi mafi nauyi yana wani wurin. Rawar buga ƙafa da ya gina sunansa a kai ta girma ne a hannun baƙaƙen fatar Amurka, su Bill Robinson da John Bubbles. A Swing Time ya yi fitowar Bojangles of Harlem da sunan girmama Robinson, ya shafa baƙin fenti a fuska, manyan inuwoyinsa uku suna rawa a bayansa. Gwanintar ba ta wanke fentin ba. Kuma abin da na yaba a sama, wato rawar da aka saƙa cikin labari har ba ta ciruwa, gata ne da ba kowa aka ba. A 1935, shekarar Top Hat, Robinson yana The Little Colonel a matsayin bara, yana koya wa Shirley Temple, yarinya 'yar shekara shida, rawar hawa matakala. 'Yan'uwan nan biyu, Fayard da Harold Nicholas, sukan shigo fim su yi abin da ba mai iya yi, su fita ba tare da sun taɓa labarin ba. Irin waɗannan fitowa masu zaman kansu su ne masu tace fim a biranen Kudu irin su Memphis suke iya cirewa da almakashi, a nuna sauran fim ɗin ba tare da ɗan kallo ya lura an taɓa shi ba.